Shigo da Escalade da ire-irenta Kebbi: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Akwai mai kuɗin sayen babbar jif ta Amurka, akwai kuma mai iya riƙe ta, kuma ba kullum ne mutum ɗaya ba. Motocin nan da ake gani a kwance cikin gareji, taya ta sace, ƙura ta rufe gilashi, yawancinsu ba tsufa ne ya kwantar da su ba. Baƙin mai ne da bai dace ba, ko takardar kwastan mai matsala, ko wani ƙaramin ƙarfe da aka rasa wanda zai nemo shi. Ga tambayoyin da mutanen Birnin Kebbi, Argungu, Jega da Yawuri suka fi kawowa.

Da Escalade da Yukon da Tahoe da Suburban, meye bambancinsu?

Uwa ɗaya uba ɗaya ne. Kamfanin General Motors (GM) ke haɗa su duka a masana'antarsa ta Arlington a jihar Texas, kan shasi iri ɗaya. Cadillac Escalade da GMC Yukon Denali suna da inji mai silinda takwas na lita 6.2, yawancin Tahoe da Suburban kuma lita 5.3. Abin da ya sa Escalade ta fi tsada shi ne kayan ƙawa, fitilu, allon dashbod da shokozoba mai lantarki, kuma su ne suka fi cin kuɗi ranar gyara. Mai neman girma da ƙarfi kawai, Tahoe za ta yi masa. Wanda sunan ne ya dame shi, to ya san abin da yake biya.

Lincoln Navigator ta gidan Ford ce, kayanta ba sa shiga na waɗannan. Daga ƙirar 2015 injinta mai silinda shida ne na lita 3.5 da tabo biyu, ya fi son makaniken da ya san shi.

Wace shekara ya kamata in nema?

Fara da doka: tun 2022 kwastan ke aiki da ƙa'idar cewa motar da ta haura shekara 12 da ƙerawa ba ta shigowa. Ƙirga baya daga shekarar da kake ciki. Kada ka dogara da bakin dillali, duba lambar VIN mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. Na goma a jerin shi ne shekara: E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, K 2019, L 2020, M 2021. Ta Escalade tana farawa da 1GY.

A Escalade, ƙirar 2007 zuwa 2014 ita ce mafi sauƙin hannu, giya shida, kuma makanikai sun fi saninta, sai dai yanzu a cikin gida za ka fi samun ta. Ƙirar 2015 zuwa 2020 kashi uku ce ta fuskar giya: na farkon 2015 giya shida, daga tsakiyar 2015 zuwa 2017 giya takwas, daga 2018 giya goma. A ganinmu in aljihu ya kai, tsallake mai giya takwas ka ɗauki 2018 zuwa 2020. Dalilin yana nan ƙasa.

Daga 2021 zuwa 2024 akwai magana babba. A watan Afrilun 2025 GM ta yi kiranyen motoci kusan dubu 600 a Amurka masu injin lita 6.2 na waɗannan shekarun, saboda aibi a karanshaf da sandunan fistin da kan sa inji ya kama ana cikin tafiya. Sa lambar VIN a shafin NHTSA, hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, kyauta ne, za ka ga ko an yi aikin kiranyen. In ba a yi ba, a kai ta dila a can kafin ta hau jirgi. Da zarar ta iso nan, babu wanda zai canza maka inji kyauta.

An turo mini hoton wata daga gwanjo, tsaf da ita kuma da araha. In saya?

Alhaji, tambayi irin takardar mallakarta tukuna. A gidajen gwanjo na Copart da IAA yawancin motocin kamfanonin inshora ne suka sallama su. Wadda takardarta ke ɗauke da Salvage ta yi hatsari ko wata ɓarna da inshora ta ga gyaranta bai biya ba. Ba dukansu ne abin gudu ba: wadda aka buga ta baya, ko ƙanƙara ta lotsa mata rufi, mai gyaran bodi zai tashe ta. Wadda aka buga ta gaba har jakar iska ta fashe, sai ka haɗa lissafin fitila, lagireto, kwandansa, na'urorin bamba da yiwuwar shasi ya karkace.

Wadda aka rubuta Flood ko Water, bar ta ko nawa ce. Ita ce mai kyau a hoto, domin ruwa ba ya lotsa bodi. Motar nan cike take da ƙananan kwamfutoci, wasu a ƙarƙashin kujera da kafet. Ruwa ya shiga soket, tsatsa ta fara ci a hankali, sai bayan wata huɗu ko shida gilashi ya ƙi sauka yau, gobe giya ta ƙi shiga, jibi batir ya mutu cikin dare. Rewaya zai yi ta bin waya har ka gaji. A kula da motocin Florida, Texas da Louisiana bayan lokacin guguwa. Na jihohin dusar ƙanƙara irin Michigan, Ohio da New York kuwa matsalarsu gishirin da ake zubawa a titi, yana cin shasi da bututun birki. Sa a ɗauko maka hoton ƙarƙashinta.

Sayi rahoton tarihin motar na Carfax ko AutoCheck da kanka da lambar VIN. Kada ka karɓi wanda dillali ya turo a hoto, gyara shi ba wuya. Kwatanta mil ɗin da ke rahoton da wanda ke dashbod. Sannan ka tuna farashin da ka ci gwanjo ba shi ne kuɗin ba: akwai kuɗin gidan gwanjo, ladan wanda ya saya maka, kuɗin ɗaukarta zuwa tashar jirgi, da kuɗin ajiya in ta wuce kwanakin da aka ba ka.

RoRo ko kwantena?

RoRo shi ne jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita. Ya fi araha, kuma jiragen Grimaldi da Sallaum suna zuwa Legas daga tashoshi irin Baltimore, Jacksonville da na gaɓar Texas. Sharaɗinsa motar ta tashi ta yi tafiya, kuma ba a yarda a zuba kaya a ciki ba. Hannaye da yawa ke taɓa ta, don haka a ɗauki hoton komai kafin a miƙa: makulli nawa, allon baya, tabarmar ƙasa, safaya, jak.

Kwantena ta fi tsada amma a rufe take, kuma kana iya haɗo kayan gyara. Gajeriyar Escalade ta ɗan haura mita 5, doguwar mai suna ESV kusan mita 5.7, cikin kwantena mai ƙafa 20 kuwa kusan mita 5.9 ne, wato da ƙyar. Shi ya sa aka fi haɗa ta da wata motar a mai ƙafa 40. Ko wanne ka zaɓa, kwastan na Amurka na son ainihin takardar mallaka aƙalla awa 72 kafin jirgi ya tashi. Ka tabbatar sunanka ne a takardar jirgi a matsayin mai karɓa, ba sunan ejan ba.

Mu da ke kusa da iyaka, me zai hana in sauke a Kwatano in shigo ta Tsamiya ko Kamba?

Domin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa tun 1 ga Janairun 2017. Motar da ta biyo ta daji ba ta da diyuti, kuma takardar da za a haɗa maka da ita ta bogi ce. Wataƙila ka yi shekara kana yawo cikin gari ba wanda ya tanka, sai ranar da ka kama hanyar Abuja ko Kano jami'an sintiri su sa lambar shasi a kwamfuta. Mota irin wannan ba ta ɓuya a hanya. In wani ya ce maka an sassauta dokar, kada ka saki ko kwabo sai ka shiga ofishin kwastan na Kebbi da ke Birnin Kebbi ka ji daga bakinsu.

Nawa zan tanada don kwastan?

Tun 2022 kwastan ba ta bin rasit ɗin da ka sayi mota, lambar VIN ce ke fitar da ƙimarta a kwamfutarsu. Lissafin da aka fara aiki da shi a 2022 kan motar da aka yi amfani da ita shi ne diyuti kashi 20 cikin ɗari, haraji na musamman kashi 15, sai VAT kashi 7.5 a kan jimillar, da wasu ƙananan caji. Misali in an ƙimanta motar da kuɗin jirginta dala 30,000: diyuti 6,000, haraji 4,500, VAT ya ɗan haura 3,000. Ka ga an wuce dala 13,500 tun ba a zo kuɗin tasha, na kamfanin jirgi da ladan ejan ba. Ana mayar da shi naira ne da farashin dalar kwastan na ranar, kuma kason kansa gwamnati kan taɓa shi, don haka a fitar maka da sabon lissafi a makon da jirgi zai iso.

Kana bukatar lambar haraji ta TIN da rajistar motoci ta ƙasa, wato VREG. Daga ejan kuma ka karɓi takardar bayyana kaya ga kwastan (SGD), takardar ƙima, rasit ɗin banki da takardar fita, ka duba VIN ɗin da ke jikinsu harafi bayan harafi. Ejan da ya ce zai fito maka da ita da rabin abin da sauran suka faɗa, ko ƙaramar mota zai rubuta ko ya rage shekara. Ranar da aka gano, kai za a nema, shi ya daɗe da canza layi.

A tuƙo ta daga Legas ko a ɗoro ta a tirela?

A ɗoro ta. Hanyar Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Kontagora, Yawuri, Koko har Jega ta haura kilomita 800, ga ramuka ga manyan motoci, motar kuma ta yi watanni a tsaye, ba ka san man da ke cikinta ba, ba ka san shekarun tayoyinta ba. Kuɗin tirela bai kai na rim ɗaya da shokozoba biyu ba. In ta lalace a hanya kuma, kada a ɗaga gaba a ja ta da tayoyin baya a ƙasa, musamman ƙirar 2007 zuwa 2014 mai jan ƙafa huɗu kullum. Sai motar ɗauka mai shimfiɗa.

Ta iso. Me za a fara yi?

A sa mata kwamfuta a karanta duk kurakuran da ta ajiye, a rubuta su kafin a goge. A zubar da baƙin mai, a canza filtarsa, filtar iska da ta AC. A duba man giya, man aksul na gaba da na baya, man birki, ƙarfin batir. A karanta shekarar taya: lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT, misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida ba ta da amana a kwaltar Afrilu, ko da zanenta bai cinye ba.

Makanikena ya ce baƙin mai 0W-20 ruwa ne, zafin Kebbi sai 20W-50. Gaskiya ne?

Malam, wannan shawarar ta kashe injina da yawa. Da niyya mai kyau yake faɗa, domin a tsohuwar Peugeot haka ne. Wannan injin daban yake.

Injin 6.2 na 2010 zuwa 2020 yana da tsarin da ke kashe silinda huɗu in ana tafiya ba nauyi, wato ta 1, 4, 6 da 7, don rage shan mai. Yana yin haka ne ta wasu ƙananan ƙarafa da ake kira lifta, masu ɗan makulli a ciki da matsin baƙin mai ke buɗewa da rufewa ta ramuka ƙanana. Mai kauri ba ya isa da wuri, mai datti kuma yana toshe ramin. Sai lifta ta maƙale. Alamarta ƙara ƙas-ƙas-ƙas daga saman inji mai bin totur, inji na rawa, fitilar inji na ƙiftawa, kwamfuta ta nuna P0300 ko lambar silindar da abin ya shafa. In an tsaya nan take, lifta ce kawai za a canza, duk da sai an cire kan inji. In an ci gaba da tuƙi, ta cinye kamshaf, garin ƙarfe ya bi mai ya zagaya ko'ina.

Ga abin da ake zubawa. Ƙirar 2007 zuwa 2014: 5W-30, lita 5.7, filta ACDelco PF48. Ƙirar 2015 zuwa 2020: 0W-20 mai tambarin dexos1, lita 7.6, filta PF63. Lura da lita 7.6 ɗin nan, galan ɗaya mai lita 5 ba ya isa, kuma an sha sallamar mota da shi haka. Na 2021 zuwa 2024 da suka tsallake binciken kiranye, GM da kanta ta mayar da su 0W-40, za ka gani a murfin mai. Kada ka jira dashbod ya ce lokacin canza mai ya yi, lissafinsa bai san ƙurar hunturu ba. Muna ba da shawarar kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga. A ja sandar awo duk sati biyu, injinan nan kan sha mai kaɗan-kaɗan. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, saya wurin babban dila ko ka haɗo katan biyu a kwantena.

Wata ƙarar kuma ba lifta ba ce. In tana yin tik-tik da safe ta daina bayan inji ya yi zafi, galibi kusoshin bakin salansa ne suka karye, aiki ne mai sauƙi. Kada a buɗe maka inji a kan wannan.

Fetur ɗinmu zai yi mata? Kuma yaya shanta?

Zai yi, da sharaɗi. An so a ba ta mai lamba 91 zuwa 93 a ma'aunin Amurka, wanda ya yi daidai da 95 zuwa sama a ma'aunin da ake amfani da shi nan, namu kuwa bai kai haka ba. Kwamfutar injin tana jin ƙwanƙwasa ta rage wuta, sai ƙarfi ya ɗan ragu. In kana jin ƙarar kamar tsakuwa a gwangwani lokacin da ka taka da zafin rana, sassauta ƙafa. Abin da ba ta yafewa shi ne man jarka. Daga 2015 nozil ɗinta kai tsaye yake fesawa cikin silinda da matsi mai ƙarfi, ruwa ko yashi kaɗan ya isa ya lalata shi, kuma filtar fetur tana cikin tanki haɗe da famfo, ba a canza ta ita kaɗai. Kada tanki ya sauka ƙasa da kwata, fetur ɗin ne ke sanyaya famfon.

Tankin ƙirar 2007 zuwa 2020 lita 98 ne, na ESV lita 117. A gari da AC ka sa ran kilomita 5 zuwa 6 a lita, a doguwar hanya 7 zuwa 8. Zuwa Sakkwato da dawowa, kusan kilomita 300, ka ware lita 40 zuwa 45.

Tana karkarwa a hanya kamar na hau kwalta mai tsagi-tsagi. Taya ce?

In mai giya takwas ce kuma abin yana zuwa ne kana tafiya daidai ba ka taka sosai ba, giya ce. Man da aka fara zuba wa waɗannan giyabos yana jan laima, sai kulocin da ke cikin kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giya, ya riƙa kamawa yana saki. Maganin da GM ta bayar shi ne a wanke tsohon man gaba ɗaya a zuba Mobil 1 Synthetic LV ATF HP. Zubar da na cikin faranti kawai ba ya isa. In an bar shi ya daɗe, sai an canza kwanbata.

Kowace giya da manta: mai shida Dexron VI, mai goma Dexron ULV. Jan man nan na gama-gari da ake sayarwa a bakin titi ba na ko ɗaya ba ne. Mai takwas da mai goma ba su da sandar awo, ta ƙasa ake duba su, inji na aiki, man ya kai wani zafi da kwamfuta ke nunawa. Wanda ya ce zai auna da ido, karɓi makullinka.

A cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye saboda zafi?

A'a. An gwada motocin nan a hamadar Amurka da ƙasashen Larabawa, zafin Maris zuwa Mayu na sama da digiri 40 ba baƙonsu ba ne. In an cire tamostat, kwamfuta na ɗauka inji bai yi zafi ba, ta ƙara fetur, fulogi ya yi baƙi, indomin salansa ya toshe. In allura na hawa, nemi dalili: lagireto ya cika da ƙura da ƙaiƙayi, fanka ɗaya ta mutu, murfi ya saki, ko famfon ruwa na yoyo. Ruwan Dex-Cool mai launin lemo ake zubawa, rabi da rabi da tataccen ruwa. Ruwan rijiya ko na leda yana barin gishiri a bututu.

AC kuma, ƙirar 2015 zuwa 2017 an san ta da tsagewar kwandansa a wurin walda. In gas na ƙarewa duk bayan 'yan makonni, daina ƙarawa, a duba gaban lagireto ko akwai tabon mai. Karanta takardar da ke manne ƙarƙashin bonet kafin a zuba gas, domin tsofaffin R134a ne, na baya-bayan nan R1234yf, kuma ba a gauraya su. Ajiye ta a inuwa: rana na tsaga dashbod na ƙirar 2007 zuwa 2014, tana kuma ɓata allon taɓawa na ƙirar 2015 zuwa 2020 har ya daina jin yatsa.

Bayanta ya zauna, tana kuma dukan rami da ƙarfi.

Abu biyu ne. Shokozobar baya tana da jakar iska da ƙaramar kwamfuresa ke hurawa. Jakar ta tsage, kwamfuresa ta yi ta aiki ba hutu har ta ƙone, don haka in ka ji tana gurnani a kai a kai, gyara yoyon tun ba ka sayi biyu ba. Ita kuma shokozoba mai maganaɗisu in ta fara zubar da mai sai ta sandare. Ana canza su biyu-biyu. Akwai na gama-gari marasa lantarki da ake sawa a madadinsu, da ɗan abin da ke hana dashbod kuka. Laushin ba ya kai na asali, amma ga mai bin hanyar Zuru ko ƙauyukan Bagudo, mu dai shi muke zaɓa.

Rim 22 da taya 285/45R22 kyau ne a gari, a rami kuwa ba nama tsakanin ƙarfe da kwalta. Rim 20 na Tahoe ko Yukon na shekarunta yana shiga, kuma ya fi haƙuri. Tayoyi huɗun su zama iri ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya. A ɗaure noti da ma'auni, 190 Nm, ba mai faci ya hau sifana da ƙafa ba.

Ina zan samu kaya da wanda zai gyara?

Na hannu ana samu a Ladipo a Legas da Apo a Abuja, wani lokaci Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Kada ka ce kayan Escalade kake nema in abin na inji ne, birki ko ƙafa. Nemi lambar kayan, sau da yawa na Yukon, Tahoe ko Silverado ne, kuma farashin ya bambanta. Na'urori, fulogi, kwayil da famfon mai, a yi odar sababbi daga Amurka da lambar VIN. Ajiye a gida: filtar mai huɗu, filtar iska biyu, fulogi takwas, kwayil biyu, bel, takalmin birki gaba da baya, da na'urar auna matsin mai, wadda kan yi ƙaryar cewa mai ya faɗi.

Sabis, birki da ƙafa, makaniken kirki a Birnin Kebbi zai yi in ka kawo kayan ka tsaya a kansa. Giya, lifta da saita kwamfuta sai mai kwamfutar bincike ta Tech2 ga tsohuwar ƙira, ko GDS2 ga 2015 zuwa sama. Nemo shi ka karɓi lambarsa tun motar tana kan ruwa.

Rediyo ba ya kama wasu tashoshi, agogon kuma mil yake nunawa.

Rediyon Amurka yana tsalle ne a lambobin mara kawai, 95.5, 95.7, 95.9, don haka tashar da ta ƙare da lambar cika ba za ta fito sarai ba. Tsarin kiran agaji na OnStar, rediyon tauraron ɗan'adam da taswirar cikinta ba sa aiki nan. Mil ana mayar da shi kilomita a saitin dashbod, kafin nan ka tuna 75 a agogonta 120 ne. Gilashin bayanta mai duhu daga masana'anta yake, duk da haka nemi izinin gilashi mai duhu na 'yan sanda ta shafinsu na POSSAP ka ajiye shi tare da takardun kwastan a cikin motar, kwafi kuma a gida.